Alamomin Manhajoji Sun Koma Farar Takarda

Tambaya: Malam, alamomin gajerun hanyoyi da na maƙala a File Explorer sun koma farar takarda. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, galibi fayilolinka suna nan lafiya lau. Windows na adana hotunan alamomi a wata ma'ajiya, yawanci ita ce ke lalacewa. A Windows 10, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ie4uinit.exe -show, sannan Enter. Idan abin ya ƙi, buɗe Task Manager ka sake kunna Windows Explorer. Alamar da ta ci gaba da taurin kai kuwa, galibi an goge ko an matsar da abin da take nunawa. Cire ta, nemo asalinsa, ka sake maƙalawa. Kada ka sauke manhajar gyara daga shafin da ba ka amince da shi ba.