Darasi: Gyaran Tumatir Tun Daga Lambu

'Yan'uwa fatake, da yawanmu kan taɓa noman rani ko mu zuba kuɗi a kwandunan tumatir. To a sani, lalacewarsa a hanya daga lambu take farawa.

Na farko, rage reshe. Akwai tofon da ke fitowa tsakanin ganye da kara, a tsinke shi tun yana ƙarami. 'Ya'yan za su ragu amma su yi girma, iska ta ratsa, cuta ta yi sauƙi. Sai dai kar a yi wa shukar aski. Wanda rana ta ƙona yakan yi farin tabo, ta nan ruɓa ke shiga. Gajeren iri kamar Roma ba ya son yawan yanka.

Na biyu, tara ƙasa a gindi, mako 3 zuwa 4 bayan dashe. Sabuwar saiwa za ta fito, shukar ta tsaya, 'ya'ya su bar laima. Ɗaya da ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya isa ya ɓata kwando.

Daga Kadawa zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Saboda haka a tsinka yana fara ja, kar a jira ya nuna luguf.

Allah ya ba da kasuwa.