Darasin kiwo: yadda ake mai da tsohon firigo akwatin ƙyanƙyasar ƙwan zabi

Ga damina ta kusa, zabi za su soma zuba ƙwai. Kowa ya san halin zabuwa: tana da yawan ƙwai, amma ba ta iya kwanci ba, ba ta iya reno ba. Shi ya sa tun kakanni ake ɗaukar ƙwanta a sa wa kaza. To kaza guda ba ta rufe fiye da ƙwai 12 zuwa 15, kuma nata ƙwan kwana 21 shike yi, na zabuwa kuwa sai kwana 26 zuwa 28. Wata kazar ta kan gaji ta tashi saura kwana kaɗan. Sauran ƙwan da ba a samu kazar da za ta kwanta musu ba, sai a kai kasuwa a sayar da arha, alhali kowane ɗaya zabo ne da za shi yi kuɗɗi in ya girma.

A wurin masu gyaran firigo na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai matattun firigo jibge waɗanda ba su gyaruwa. Abin da muke so gare su shi ne jikinsu. Bangon firigo shina da soso a ciki wanda ke hana zafi ratsawa. Da ya tsare sanyi, yanzu za shi tsare ɗumi. Wajen zaɓe, ku duba robar bakin ƙofa: a sa takarda a rufe ƙofa a kanta, in ta zare ba wuya, robar ta saki, a nemi wani.

Kada kowa shi taɓa bututun firigo da kansa. A bar mai gyara shi fidda iskar da injin tukuna. Iskar wasu firigo na zamani tana kama wuta, kuma tsofaffin nan masu aiki da kananzir suna da wani ruwa mai yaji da ke ƙona ido da huhu. In ƙofar mai ƙugiya ce wadda ba ta buɗuwa daga ciki, a cire ƙugiyar, don yara su kan shiga wasan ɓuya. Daga nan a wanke ciki da ruwan jabel, a shanya. A huda ramu huɗu masu faɗin yatsa, biyu ƙasa, biyu bisa, a lulluɓe su da ragar sauro don kiyashi. Ɗan da ke cikin ƙwai shina numfashi ta ɓawo, in ba iska sai shi mutu.

Ɗumi kuwa daga ampul shike zuwa, irin na da mai zare a ciki, wanda ke ƙona hannu. Fararen nan na yanzu masu tsimin kuran ba su da zafi, ba su yi. Mai kuran shi sa ampul biyu masu wat 40, don in ɗaya ya ƙone cikin dare ɗayan shi riƙe. Wanda ke ƙauye shi sa ampul biyu na mota masu wat 21, da batir da faranti mai ɗaukar hasken rana. A haɗa su da ƴar na'urar nan da ake kira tarmosta, wadda ke kunna ampul in ɗumi ya ragu, ta kashe in ya kai. Ana samunta wurin masu sayar da kayan kuran. Sai ƙaramar fanka ta tsohuwar kwamfuta, wadda za ta riƙa juya iska dare da rana. A ɗaura ampul nesa da robar bango, a kange shi da guntun kwano don kada zafinsa shi bugi ƙwai kai tsaye.

Yanzu ga inda aikin shike. Zafin da ake so digiri 37,5 ne in da fanka. In babu fanka, iska mai zafi tana taruwa bisa, sai a nemi 38,5 zuwa 39 daidai saman ƙwan. Mutane da yawa suna tsoron sanyi, alhali a ƙasarmu zafi shi ya fi kashe ƙwai. In ƙwai ya huce na ƴan awoyi, sau da yawa jinkiri kawai za a gani wajen fashewa. Amma in ya wuce 40 ya jima, an yi hasara, kuma ba a sani sai bayan sati huɗu na wahala. Ku tuna, an cire wa firigon nan inji, ba shi iya sanyaya kome. Cikin Afrilu da Mayu, sa'ad da inuwa kanta ke haura 42 a Tawa da Birnin Ƙonni, ko an kashe ampul ƙwan na iya dahuwa. Saboda haka a aje shi cikin ɗakin ƙasa mai rufin azara ko na ciyawa, ba ƙarƙashin kwano ba, nesa da taga. Shawararmu, a jira ruwa shi sauka kafin zubin farko.

Kada ku yarda da lambar da tarmosta ke nunawa sai kun gwada ta. Ku sayi ma'aunin zafin jiki a kantin magani, irin na gilashi, ku aje shi kan ragar da ƙwai za shi zauna. Wanga ma'auni shina da wani amfani: in ya hau ba shi sauka sai an kaɗa shi, don haka shina gaya muku zafi mafi yawa da aka yi kuna gona. A bar akwatin shi yi kwana 3 shina aiki ba ƙwai ko ɗaya, ana dubawa da asuba, da tsakar rana, da dare. A jera kwalabe cike da ruwa, a toshe, a ƙasan firigon. Su ke riƙe ɗumi in kuran ya ɗauke. In ɗaukewar ta jima, kada a buɗe ƙofa barkatai. A sa kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tsumma, a rufe.

Wasu za su ji an ce masu kiwon kunkuru da kada a wasu ƙasashe da irin wanga firigo suke aiki. Gaskiya ne, amma kada a ɗauki ƙa'idarsu. Ƙwan babban kunkurun nan na Sahel wajen digiri 30 shike so, shina wata uku ko fiye, ba a juya shi sam, kuma zafin ne ke sa ɗan shi zama mace ko namiji. Kunkurun ma ya ragu ƙwarai a dajinmu. Wanda ya tarar da ƙwansa shi bar shi inda shike.

Sai laima. A sa faranti mai faɗi da ruwa ƙarƙashin ragar ƙwai. Faɗin ruwan shi ke da muhimmanci, zurfinsa ba kome. Mai ma'auni shi nemi 55 zuwa 60 cikin 100, kwana ukun ƙarshe kuma 70. Wanda ba shi da shi, ƙwan da kansa za shi gaya masa. A shiga ɗaki mai duhu da tocila mai ƙarfi, a haska gefen ƙwan mai faɗi, za a ga gurbin iska. Gurbin nan shina ƙaruwa sannu sannu, har kusa da fashewa shi kai wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙwan. In shina saurin girma, a ƙara faranti. In ya ƙi girma, a rage ruwa. Cikin Agusta ruwa kaɗan ya isa, da hunturu kuwa sai an ninka.

Ba kowane ƙwai ake zubawa ba. Na tasha da na kasuwa ya sha rana, ya sha girgiza cikin mota, balle wanda ba a san ko dafaffe ne ba. A nemi na gida ko na maƙwabci wanda aka san shina da mazan zabi isassu, namiji guda kada shi wuce mata huɗu. Kada ƙwan shi wuce kwana 7 da haihuwa. A aje shi tsini ƙasa kusa da randa, inda ya fi sanyi. Ba a wanke shi. Mai tsaga, mai kashi, da wanda ya cika ƙanƙanta, a kai su madafa.

Kafin zubi, a sa alama da fensir gefe biyu na kowane ƙwai, nan kuros, can sifiri. Ana juyawa sau 3 ko sau 5 a yini, kada lissafin shi zama cika biyu biyu, don kada ƙwan shi riƙa kwana kan gefe guda kullum. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi salloli biyar: an sallame, a wanke hannu, a juya, a rufe maza. Ran kwana 10 a haska duka. Ɓawon ƙwan zabuwa shina da kauri, sai an natsu. Mai rai za a ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo. Wanda ke fayau a fidda shi, don baragurbi in ya fashe ciki shina ɓata sauran. Ran kwana 25 a juya na ƙarshe, a ƙara ruwa, a shimfiɗa buhun algarara kan raga don ƙafafun ɗiyan kada su zame. Daga nan ƙofa ta zauna rufe. Mai ƙwan kaji shi tsaya ran kwana 18. Wanda ya fito a bar shi ciki yini da kwana shi bushe, ba shi bukatar abinci tukuna. Kada a ɓare wa kowa ɓawo don tausayi.

In kwana 30 sun cika, a fasa waɗanda ba su fita ba, can bayan gida, a duba ɗaya ɗaya. In ƙwanduwa ce kawai ba alamar jini, galibi babu namiji a kansa, ko ya tsufa tun kafin zubi. Zoben jini na nuna ɗan ya soma ya mutu da wuri, a tuhumi zafi ko ajiya. In ɗa ne cikakke da gashinsa ya mutu bai huda ba, a duba laima da ramun iska. In yawancinsu sun fita tun kwana 25, akwatin ya cika zafi. In sun kai 29, ɗumi ya gaza, a ƙara wa tarmosta kaɗan, kada shi wuce rabin digiri. A rubuta wanga duka cikin littafi tare da ranar zubi da yawan ƙwai, a sake wanke firigon da jabel, a shanya shi yini biyu kafin zubi na biyu.