Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Duk wanda ya tashi a Kano ya san rafin Jakara, ko da bai taɓa zuwa bakinsa ba, to warinsa ya taɓa zuwa wurinsa. Wannan rafi ya faro daga cikin birni, ya ratsa ta gefen Kasuwar Kurmi, ya nufi arewa maso gabas har ya faɗa madatsar ruwa ta Wasai, wadda aka gina a 1976. A hanya yakan kwashi ruwan kwatocin gidaje da na mayanka. Can gaba kuma rafin Getsi ya haɗu da shi, ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai. Abin lura shi ne, da wannan ruwa manoman rani suke ban ruwan latas da kabeji da karas da alayyafo, waɗanda ni da kai muke ci.

Saboda haka ne ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu ta ɗauki aikin sa kai na duba lafiyar ruwan. Ran Asabar ta farkon kowane wata mukan karɓi izini, mu tafi tare da malaminmu. Ga abin da na koya, ko wasu 'yan'uwana ɗalibai za su amfana.

Da farko akwai gwajin ido da hanci. A rubuta launin ruwan, da irin warinsa, da ko akwai kumfa ko maiƙo a samansa. Wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai alama ce iskar oksijin ta ƙare, ƙazanta na ruɓewa a ƙasa.

Na biyu, gwajin gurɓata. A samu doguwar kwalba mai haske, a zana baƙar alama a gindinta. A riƙa zuba ruwan sannu a hankali ana leƙawa ta sama, har alamar ta ɓace. Sai a auna tsawon ruwan da rula. In da ɗan ruwa kaɗan ta ɓace, to laka da datti sun yi yawa.

Na uku, zafi da tsami. Ana tsoma ma'aunin zafi, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi, kifi kuwa da ita yake numfashi. Tsami kuma akwai 'yar takarda da ake tsomawa ta sake launi, a gwada da jadawali mai lamba daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Ruwan sha ana son ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5.

Na huɗu, a dubi mazauna ruwan. Inda aka ga ƙananan kifaye da talibambam iri-iri, da sauran lafiya. Inda kuwa babu kowa sai jajayen tsutsotsi da tsutsar sauro, to ruwan ya galabaita, don su ne masu jure ƙazanta.

Amma fa malaminmu ya ja mana kunne cewa ruwa yana iya yin garau alhali yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara da taifot, ko guba irin kuromiyam da ake jimar fata da shi. Waɗannan sai an ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta an kai ɗakin gwaji. Haka kuma awo ɗaya ba ya faɗin komai. Sai an koma wuri guda, a lokaci guda, wata bayan wata, rani da damina, ana rubutawa a littafi. Ranar da lamba ta sauya farat ɗaya, sai a san an zubo wani abu daga sama, a kai wa hukumar kula da muhalli rahoto da hujja a hannu.

Yanzu sai batun tsare kai, wanda ya fi duka muhimmanci. A fitarmu ta biyu wani abokina ya ga takalmin roba ya yi masa nauyi, ya tuɓe ya shiga da silifa. Bai yi taku uku ba fasasshiyar kwalba ta yanke shi a dunduniya. Sai da aka yi masa ɗinki da allura, ya yi mako biyu yana ɗingishi, har gwajin lissafi ya wuce shi. Daga ranar muka kafa dokoki. Ba mai zuwa shi kaɗai. Kowa ya sa dogon takalmin roba da safar hannu. Ana ɗiban ruwa daga gaɓa, da kwalba ɗaure a bakin doguwar sanda. Ba a zuwa bayan an yi ruwan sama, domin gaɓa tana santsi, ambaliya kuma takan zo ba sallama. Mai rauni a hannu rubutu kaɗai zai yi. Ba ci ba sha a wurin, sai an wanke hannu da sabulu. A tuna kuma tsargiya ta fata take shiga jiki, daga ruwan da ƙananan katantanwa suke ciki.

'Yan'uwa, mu ba likitoci ba ne, ba kuma hukuma ba. Amma muna da ido, da rula, da littafi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. In kowace makaranta ta ɗauki rafin da ke kusa da ita ta riƙa duba shi, mai zuba ƙazanta zai san akwai masu lura. Allah ya ba mu ikon kiyayewa, amin.