Dolfin Ba Kifi Ba Ne: Darasin Fassara Daga Dadin Kowa

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. To, yaya mai fassara zai yi da abin da bai taɓa gani ba? A ce an ba ɗalibi a Gombe labarin wasu matafiya da suka shiga jirgin ruwa a gaɓar tekun Legas, suka ga garken dolfin da 'ya'yansu suna ninƙaya. Mafi yawanmu za mu rubuta "kifin dolfin" mu wuce. Wannan maƙala za ta nuna kuskuren yin haka, ta kuma kawo mafita daga abin da muke da shi a gida.

Inda matsalar take

Kifi daga cikin ruwa yake samun iskar da yake shaƙa, kuma yawancin kifaye ƙwai suke sakawa. Shi kuwa dolfin huhu gare shi, dole ya taso sama ya yi numfashi ta wata ƙofa da ke tsakar kansa. Macen tana ɗaukar ciki wajen shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta shayar da shi nono. Ke nan idan yaro ya karanta cewa "kifi yana shayar da ɗansa", mun koya masa abin da ba haka yake ba, kuma da wuya ya sake shi.

Mu je Dadin Kowa

Madatsar ruwa ta Dadin Kowa tana kan kogin Gongola, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, gabas da Gombe, an kuwa gina ta ne a shekarun 1980. A cikinta akwai dorinai. Wanda ya shiga kwalekwale da sassafe yakan hango idanu da kunnuwa a saman ruwa, wani lokaci har da ɗan dorina a kan gadon bayan uwarsa. Dorina kan yi cikin wata 8, ɗanta kuma yakan sha nono a ƙarƙashin ruwa, ya toshe hanci da kunnuwa, sannan ya taso ya numfasa. Masunta sun san ba a kusantar dorina mai goyo, domin tana iya kifar da kwalekwale.

Babu Bahaushen da zai kira dorina kifi don kawai tana zaune a ruwa. Haka ma ayu, wanda ake samu a kogin Binuwai, shayarwa yake yi. Abin sha'awa, masana kimiyya sun tabbatar cewa a cikin dabbobin da ke yawo a doron ƙasa a yau, dorina ce mafi kusancin dangantaka da dolfin. Ashe ɗan'uwan baƙon yana ƙofar gidanmu.

Abin da ɗalibi zai riƙe

Na farko, a karon farko da kalmar ta fito a rubuta "dolfin, wata dabbar teku mai shayarwa". Daga nan "dolfin" kaɗai ya isa.

Na biyu, jinsi. Yawancin sunayen da ke jinsin mace a Hausa da wasalin "a" suke ƙarewa. Shi ya sa muke cewa "dorina ta nutse" ko da namiji ne. Dolfin kuwa da baƙi ya ƙare, don haka "dolfin ya nutse". In ana son bambancewa sai a ce "macen dolfin" ko "uwar".

Na uku, sunan ɗa. Hausa tana da maraƙi, duƙushi, kwikwiyo, tsako da ɗan shila, saboda dabbobi da tsuntsayen gida ne da muke cuɗanya da su kullum. Na dawa da na ruwa kuwa "ɗan" ake liƙa musu: ɗan giwa, ɗan dorina. Turanci yana kiran ɗan dolfin da sunan da yake kiran ɗan saniya, amma "maraƙin dolfin" dariya zai jawo. "Ɗan dolfin" shi ne daidai.

Kammalawa

Kafin ka sa wa baƙon abu suna, binciki yadda yake rayuwa, sannan ka nemi makamancinsa a gida. Jinga: fassara labarin matafiyan nan cikin jimla biyar, ba tare da kalmar "kifi" ta fito ba.