Za Ka Je Gure? Sha Furarka Inda Aka Dama Ta

Idan hanya ta kai ka Gure, ƙanena, kada ka tsaya a tasha ka sayi lemon kwalba ka ce ka ga gari. Abin sha mai daɗi yana wurin masu haɗa shi da hannunsu. Ga yadda za ka tsara yininka.

1. Fita da sassafe. Daga Damagaram zuwa Gure ya haura kilomita 150, a kan babbar hanyar da ta nufi Difa. Ka shiga motar farko, ka riƙe katin shaidarka a aljihun gaba saboda shingayen bincike. Tafiyar dare ba taka ba ce.

2. Yi canji tun daga gida. Mai fura ba ta da canjin jika biyar. In daga Najeriya ka fito, ka koyi lissafin sefa kafin ka buɗe baki: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika ɗaya sefa 1000.

3. Nemi mai nono da hantsi, kafin rana ta take. A nan nake so ka nutsu. Ka gaishe ta, "Inna, ina kwana," ka roƙi ɗanɗano a ludayi kafin ka yi ciniki. Kindirmo yana da kauri da maiƙo. Tsala an riga an kaɗe man, ya fi ruwa-ruwa da tsami, kuma ya kamata ya fi araha. Da damina shanu sun ƙoshi, nono ya wadata. Da bazara kuwa yakan yi wuya, wasu sukan ƙara masa ruwa da garin ƴaƴan kuka don ya yi auki. Harshenka zai gaya maka: tsamin kuka daban yake da na nono, yana da ɗan gari-gari.

4. Ka sa a dama a gabanka. Dubi ƙwaryar, dubi faifan da aka rufe ta da shi, dubi ruwan da take ɗauraye ludayi. Curin furar gero mai kyau yana ƙamshin citta da kanumfari, kuma ba ya yauƙi in an fasa shi. Ka faɗi yadda kake so tun kafin ta fara: mai kauri ko mai ruwa, da sukari ko babu. Ni dai nakan ce a bar gudaji kaɗan, furar da ba a tauna komai a cikinta ba ta riƙe ciki. Ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba, ka haƙura da ita.

5. Tambayi tukuɗi da kunun kanwa. Tukuɗi gero ne da ake dakawa da dabino, wasu su sa cuku, ƙaramin kofi ya ishe ka zuwa azahar. Kunun kanwa kuwa a gidansa kake, don ƙasar Muniyo da Manga sun daɗe suna fitar da kanwa da mangul zuwa kasuwannin Kano. Galibi a gida ake dama shi, sai ka roƙi mai masaukinka tun da dare.

6. Da la'asar ka nufi garka. Kewayen Gure akwai kwaruruka a tsakanin tuddan rairayi, inda ruwa ke kusa, ake noman dabino, rogo da kayan miya a inuwar goriba. Dabinon wannan yanki yakan yi fure sau biyu a shekara, don haka ka tambaya ko lokacin ɗanye ne. Ka tafi da ɗan gari, ka daidaita kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa tun kafin ka hau. Yi sallama daga bakin shinge, kada ka tsinki komai sai an miƙo maka. Shingayen kirare da za ka gani a kan tudu, an kafa su ne don tare rairayin da ke binne garake. Kada ka zari ko ɗaya don hura wuta.

7. Bayan magariba, fada, wato majalisar hira da shan shayi. Kada ka je hannu rabbana: ƙullin ganyen shayi, sukari da ɗan gawayi sun isa. Zagaye uku ake yi, na farko da ɗaci, na biyu ya sassauto, na uku zaƙi. Ana iya shafe fiye da awa ɗaya kafin a kai na ƙarshe, saboda haka in kana sauri ka faɗa tun farko. Kofunan ƙanana ne kuma ba su da yawa, ka shanye ka mayar a zuba wa na gaba. In ba ka ci abinci ba, ko shayi na hana ka barci, ka bar na farko ya wuce ka. Siyasa kuma, baƙo saurare yake yi.

8. Kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoton kowa, musamman mata masu nono, nemi izini.

9. Tsaraba: dabino busasshe da kanwa, su ne ke jure hanya. Nono a jarka cikin zafin mota kumbura zai yi kafin ka kai Gidimuni a hanyar komawa.