Safa da Tundurmin Jar Ƙasa

Wani mai sauraronmu daga Bamenda a Kamaru yana tambaya: wai da gaske ne safa na kare manomi daga tundurmi?

To malam, gaskiya ne, amma ba kowane tundurmi ba. Wanda sauro ke yaɗawa, safa ba ruwanta da shi. Akwai kuma wanda jar ƙasar tsaunuka ke haddasawa, irin ta yankinku da ta Habasha, inda cutar ta fi yawa a duniya. Likita Ernest Price ɗan Birtaniya ne ya gano alaƙar a shekarun 1970. Mutum ya yi shekara da shekaru yana noma ba takalmi, ƙananan ƙwayoyin ma'adinai su ratsa fata, su toshe hanyoyin ruwan jiki, sai ƙafa ta kumbura, fata ta yi kaushi.

Safa na hana ƙasar taɓa fata, sai dai a haɗa ta da takalmi rufaffe, silifas ba ya wadatarwa. Da yamma a wanke ƙafa da sabulu, a shafa mai. Safar ma a wanke ta, don wadda ta sha laka ita ke manna ƙasar a jiki. Wanda ƙafarsa ta fara kumbura ya garzaya asibiti.