Hancin Jirgi da Farfelarsa a Matsayin Hujjar Tarihi: Hanyar Gane Tsofaffin Jiragen Yaƙin da Suka Ratsa Kano, 1925 zuwa 1945

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda mai binciken tarihi ko adabi zai iya gane tsohon jirgin yaƙi idan ya ci karo da shi a hoto, ba tare da ya dogara da rubutun da aka yi a ƙarƙashin hoton ba. An ɗauki misalai daga jiragen da suka sauka a Kano tun daga 1925 har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Maƙalar ta nuna cewa nau'in inji shi ne ke tsara siffar hancin jirgi, farfela kuma tana nuna zamanin da aka ƙera shi. Saboda haka waɗannan sassa biyu sun fi fenti da tambari ƙarfin hujja. An yi bayanin da kalmomin da bakanike Bahaushe ya riga ya saba da su.

1.0 Gabatarwa

A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen yaƙin Birtaniya guda uku samfurin DH.9A suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Su ne jiragen sama na farko da suka sauka a Nijeriya. Bayan shekara goma sha biyar, Italiya ta shiga yaƙi a watan Yuni na 1940, ratsa Bahar Rum ya zama kasada ga jiragen ruwan Birtaniya. Sai aka koma kai jiragen sama a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su a can, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Injamena ta yau), Alfashir da Hartum, har su isa Masar. Daga Satumba 1940 zuwa 1943, sama da jirage 5,000 ne suka bi wannan hanya. Abin da ya sa ta yiwu shi ne Chadi ta bi sahun Janar de Gaulle a Agusta 1940 ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué, alhali Nijar na hannun gwamnatin Vichy.

Wannan zamani ya bar hotuna a ɗakunan adana kayan tarihi da littattafai da jaridu, kuma yanzu suna yawo a intanet. Hoto kan rabu da bayaninsa, wani kuma ya liƙa masa nasa. Manazarcin da ya ɗauki hoton 1942 ya kafa hujja da shi a kan saukar 1925 ya gina rubutunsa a kan tubalin toka. Manufar wannan maƙala ita ce samar masa da ma'aunin da zai tantance da kansa.

2.0 Yadda Injin Fistin Yake Aiki

Duk jiragen da ake magana a kansu injin fistin ne da su, ɗan'uwan injin mota. Kalmomin da ake ji a gareji, irin su fistin, silinda, bawul, fulogi, karanshaf, lagireto da salansa, sun wadatar wajen bayaninsa. Kowace silinda tana aiki ne a matakai huɗu. Da farko fistin zai sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur. Sai ya hau ya matse su. Daga nan fulogi ya ba da wuta, gaurayen ya kama, ƙarfinsa ya tunkuɗa fistin ƙasa. A ƙarshe fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kafin matakan nan su cika karanshaf ya juya sau biyu, kuma mataki ɗaya ne kawai daga cikinsu yake ba da ƙarfi.

Abubuwa biyu sun bambanta injin jirgi da na mota. Na farko, kowace silinda tana da fulogi biyu, kowanne da hanyar wutarsa daban, domin idan ɗaya ya mutu a sararin sama ɗayan ya riƙe injin. Na biyu, iska tana raguwa gwargwadon nisan jirgi daga ƙasa. A tsayin mita 5,500 matsinta bai wuce kusan rabin na bakin teku ba. Don haka injunan Yaƙin Duniya na Biyu suna da famfon matse iska wanda injin kansa yake juyawa, yana cusa wa silindoji iskar da za ta ishe su.

Babbar matsalar kowane inji ita ce zafi. Hanyar da maƙera suka bi wajen sanyaya shi ita ce ta raba jiragen gida biyu.

2.1 Inji Mai Jeri

A wannan nau'i ana jera silindoji layi biyu, shida a kowane gefe, su haɗu a ƙasa kamar harafin V. Tun da na gaba sun tare wa na baya iska, sai a sanyaya su da ruwa, wanda daga baya aka riƙa gauraya shi da sinadarin gilaikol. Ruwan yana zagayawa ta lagireto. Injin Liberty na DH.9A, mai ƙarfin doki 400, da Merlin na kamfanin Rolls-Royce, da Allison na Amurka, duk wannan nau'in ne. Alamarsa a hoto ita ce dogon hanci, da bakunan salansa a jere a gefensa, da kuma lagireto a wani wuri a jikin jirgin. Amfaninsa shi ne siririn hanci yana keta iska da sauƙi. Illarsa kuwa, harsashi ɗaya ya huda bututun ruwa, injin ya ƙone cikin ɗan lokaci.

2.2 Inji Mai Da'ira

A nan ana kewaya karanshaf da silindoji kamar yadda wayoyi suke kewaye da cibiyar ƙafar keke. Kowace silinda tana fuskantar iska, saboda haka babu buƙatar ruwa ko lagireto. Alamarsa ita ce faffaɗan hanci mai zagaye, bakinsa a buɗe, wani lokaci har ana hango silindojin daga ciki. Adadin silindoji a kowace da'ira mara ne, kamar bakwai ko tara. Dalili shi ne wuta tana tsallake silinda ɗaya ta kama ta gaba: a inji mai tara, tsarin shi ne 1, 3, 5, 7, 9, 2, 4, 6, 8, sai a koma ta farko daidai lokacin da karanshaf ya cika juyi biyu. Da adadin cika ne, da tsallaken bai taɓa rabinsu ba. Injin Mercury na jirgin Blenheim da'ira ɗaya ne mai silinda tara. Twin Wasp na jirgin Dakota kuwa da'ira biyu ne, bakwai-bakwai, jimla goma sha huɗu.

3.0 Farfela

Farfela fiffike ce mai juyawa. Kowane reshe nata yana da doro da ciki irin na fiffiken jirgi, yana tura iska baya, jirgi ya yi gaba. Wanda ya dubi reshen da kyau zai ga a murɗe yake. Bakinsa yana zaga da'ira mafi girma a kan gindinsa a lokaci guda, wato ya fi shi gudu. Shi ya sa ake ba gindin karkata mai yawa, a rage ta a hankali zuwa baki, domin duk tsawon reshen ya yanki iska daidai.

Akwai iyakar da gudun bakin reshe ba ya so ya kai, wato gudun sauti, kimanin mita 340 a daƙiƙa. Injin Merlin yana juyi 3,000 a minti, wato 50 a daƙiƙa. Farfela mai faɗin mita 3.3 tana zaga kusan mita 10.4 a kowane juyi. Da an ɗaura ta kai tsaye a karanshaf, da bakin reshenta ya yi gudun kusan mita 520 a daƙiƙa, ƙarfin injin ya tafi a ƙara da jijjiga. Saboda haka aka sa giya tsakaninsu mai rage juyin zuwa ƙasa da rabi kaɗan, gudun baki ya dawo wajen mita 250.

Tarihin farfela ya bi matakai uku. Na farko ita ce ta katako mai reshe biyu, wadda karkatarta ba ta canzawa. Tana kama da mota mai giya ɗaya: idan ta dace da tashi ba za ta dace da gudu ba. Ita ce a kan DH.9A da Hurricane na farko-farko. Mataki na biyu ita ce mai reshe uku da matuƙi yake zaɓar mata ɗaya daga karkata biyu, ƙarama don tashi, babba don tafiya. Na uku ita ce mai daidaita kanta: matuƙi ya zaɓi yawan juyin da yake so, wata na'ura ta riƙa murɗa rassan da ƙarfin man inji, tana ƙara karkata idan juyi ya yi yawa, tana ragewa idan ya yi ƙasa. A wasu jirage masu inji biyu ko huɗu, irin su Dakota, idan inji ɗaya ya mutu ana iya juya rassansa su ba iska kaifinsu, farfelar ta tsaya cik, kada ta ja jirgin baya.

Yawan rassa yana bin ƙarfin inji. Ba a iya tsawaita reshe yadda aka ga dama, saboda ƙasa da kuma gudun sauti, sai dai a ƙara adadi. Jirgin Spitfire ya fara da biyu, ya koma uku, ya kai huɗu a 1942, sannan biyar a kan wasu samfuran da aka sa wa injin Griffon.

4.0 Gane Jiragen Ɗaya Bayan Ɗaya

DH.9A yana da fikafikai biyu, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da sanduna da wayoyi. Mazaunansa biyu a buɗe suke, ƙafafunsa ba sa naɗewa, hancinsa kuma a daƙile yake domin lagireto yana gaba kamar na tsohuwar mota.

Hurricane fiffike ɗaya ne da shi, inji ɗaya mai jeri. Lagiretonsa yana tsakiyar ciki, bayansa yana da ɗan doro daga mazaunin matuƙi zuwa jela, ƙafafunsa a ware suke kuma ciki suke naɗewa. An fi rikita shi da Spitfire, wanda fiffikensa yake da siffar ganye, lagiretonsa yana ƙarƙashin fiffike, ƙafafunsa kuma a matse suke, waje suke naɗewa. Yawancin Hurricane da aka tanada don ƙasashen zafi suna da wani kumburi a ƙarƙashin hanci. Matacin iska ne na kamfanin Vokes, wanda yake hana rairayi da ƙura shiga inji. Bai kamata a ɗauke shi a matsayin lagireto ba.

P-40 na Amurka, wanda Birtaniya ta kira Tomahawk, daga baya Kittyhawk, shi ne mai lagireto a haɓa, da baki a buɗe dab da farfela. Wannan bakin ne ya sa runduna ta 112 ta sojan saman Birtaniya ta zana masa haƙoran kifi a Arewacin Afirka a 1941.

Blenheim yana da inji biyu masu da'ira, hanci na gilashi, da rumfar bindiga a gadon baya. A hanyar Takoradi shi ne yakan ja ayari, domin yana ɗauke da mai duba hanya, ƙananan jirage masu matuƙi ɗaya kuma su bi shi. Dakota ma inji biyu ne masu da'ira, amma ya fi girma nesa ba kusa ba, yana da tagogi a jere da faffaɗar ƙofar kaya a gefen hagu.

5.0 Tambari da Iyakar Hujja

Bayan an gane jirgi, tambari yana taimakawa wajen rage tazarar shekaru. Tambarin Amurka farin tauraro ne cikin shuɗiyar da'ira. Yana da jan ɗigo a tsakiya har zuwa Mayu 1942, lokacin da aka cire shi don kada a rikita shi da jar da'irar Japan. A tsakiyar 1943 aka ƙara masa fararen sanduna biyu a gefe. Ke nan Dakota mai tauraro da sanduna ba zai kasance hoton 1942 ba, kome aka rubuta a ƙarƙashinsa.

Ana iya jera tambayoyin kamar haka: fikafikai nawa, inji nawa, hanci dogo ne ko mai zagaye, ina lagireto yake, rassan farfela nawa, sannan wane tambari. Misali, a ce an sami hoto mai bayanin cewa jirgin farko ne a Kano, amma jirgin fiffike ɗaya gare shi da farfela mai reshe uku. Tambaya ta farko kaɗai ta rushe bayanin. Idan kuma akwai lagireto a tsakiyar ciki da kumburin mataci a haɓa, to Hurricane ne, kuma in dai a Kano aka ɗauki hoton, bai gabaci 1940 ba.

Sai dai wannan hujja tana da iyaka. Siffar jirgi tana faɗin shekarar da hoto ba zai gabata ba, amma ba ta faɗin ranar da aka ɗauke shi, domin jirgi yakan daɗe yana aiki. Dakota ya ci gaba da tashi a Nijeriya shekaru da yawa bayan yaƙin. Haka kuma jirgi ba ya faɗin wuri. Hurricane da aka ɗauka a Maiduguri bai bambanta da wanda aka ɗauka a Hartum ba. Wurin kuwa sai a neme shi a gine-gine da itatuwa da suturar mutanen da ke tsaye kusa da jirgin, wanda fage ne da masanin al'ada ya fi injiniya ido a kansa.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gane tsohon jirgin yaƙi yana farawa ne daga fahimtar injinsa. Hanyar sanyaya inji ita ce ta yanke siffar hanci da mazaunin lagireto, ƙarfinsa kuma ya yanke yawan rassan farfela. Fenti ana sake shi, bayanin hoto ana canza shi, amma waɗannan sassa suna nan yadda maƙeri ya bar su. An kuma ga cewa kalmomin gareji sun ɗauki mafi yawan bayanin, sai 'yan wurare kaɗan da aka buƙaci siffantawa, kamar inji mai jeri da inji mai da'ira. Zai kyautu masu nazarin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da waƙoƙin zamanin Yaƙin Hitila su bi diddigin sunayen da Hausawan lokacin suka ba waɗannan jirage da sassansu, a kwatanta su da kalmomin da aka yi amfani da su a nan.